Tambaya da Amsa: Za a Rage wa Baba Lokacin Ƙarin Ruwan Maganin Sankarar Ɓargo, Shin Akwai Haɗari?

Tambaya daga wata mai karatu a Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum, Likita. Ina rubuto maka ne game da mahaifina, ɗan shekara 64, wanda ya daɗe yana fama da ciwon baya da kasala kafin a gano a Yawunde cewa yana ɗauke da sankarar ɓargo da ake kira miyeloma. An fara masa magani da ƙwayoyi da allurai, cutar ta lafa na wani lokaci, sannan ta sake tasowa, sai likitansa ya ce a ƙara masa wani magani mai suna daratumumab, wanda dangi suka haɗa kuɗi ake sayo shi daga waje. Ranar farko an ɗaura masa ruwan da hantsi, ba a cire ba sai bayan sallar isha'i, domin ana cikin yi hancinsa ya toshe, tari ya sarƙe shi, jikinsa ya kama rawa, aka dakatar da ruwan na ɗan lokaci kafin a ci gaba a hankali. Na biyu da na uku da na huɗu duk sun wuce lafiya. Yanzu likitan ya ce daga mako mai zuwa za a riƙa gamawa cikin awa ɗaya da rabi. Baffana ya ce kada mu yarda, wai gadon suke so su ba wani, kuma sauri kan haifi nawa. Ni kuwa ina ganin irin wahalar da Baba yake sha wajen dogon zama da ciwon bayan nan. Don Allah ka fayyace mana gaskiyar lamarin.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya kuma saka wa dangi da alheri bisa wannan ɗawainiya. Abin da likitan ya faɗa muku ba ƙirƙirarsa ba ce, tsari ne da asibitocin sankara da yawa a duniya suke bi tun daga shekarar 2018, kuma ga mutumin da ya karɓi maganin sau uku a jere ba tare da jikinsa ya yi bore ba, kamar yadda kika bayyana halin Baba, rage lokacin zuwa minti 90 bai nuna ƙarin haɗari ba. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma su ne nake so ki riƙe da kyau, domin a kansu lafiyar abin ta rataya.

Kafin nan, ina so ki gaya wa Baffa cewa tsoronsa yana da tushe. Duk wanda ya yi jinya a asibitocinmu na arewa a lokacin damina ya ga yadda ake ɗaura wa mai zazzaɓin cizon sauro ruwan kinin a bar shi yana ɗiga har awa huɗu, kuma ya ji ma'aikaciyar jinya tana gargaɗin kada kowa ya taɓa mabuɗin robar, domin kinin idan ya shiga jijiya da gudu yana faɗar da ƙarfin jini, ya rikita bugun zuciya, har ya yi kisa. Daga irin wannan ne mutanenmu suka koyi cewa ruwan da ke gudu abin tsoro ne, kuma a kan magunguna da yawa gaskiyarsu. Abin da ya bambanta daratumumab shi ne dalilin da ya sa ake ba da shi a hankali tun farko, domin wannan dalilin yana raguwa ƙwarai bayan karɓa na farko da na biyu.

Miyeloma sankara ce ta wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin ɓargo, waɗanda aikinsu na asali shi ne ƙera sinadaran da jiki ke kare kansa da su daga cututtuka. Idan suka lalace sai su yi ta hayayyafa ba kangado, su cinye ƙashi har ya riƙa ciwo ko ya karye ba tare da wani dalili mai ƙarfi ba, su hana ɓargo yin jini, su kuma zuba wani furotin mara amfani da ke toshe ƙoda. Shi ya sa mai wannan cuta yakan shekara ana yi masa maganin ciwon baya ko sanyin ƙashi kafin a gano ainihin abin da ke damunsa. Daratumumab kuwa irin sinadarin garkuwar nan ne da likitoci ke kira antibodi, amma wanda aka ƙera a masana'anta, aka horar da shi ya nemi wata alama guda mai suna CD38 da ke da yawa a jikin ƙwayoyin miyeloma. Idan ya manne musu, sai ya zama kamar an shafa wa ɓarawo shuni a tsakiyar kasuwa: garkuwar jiki ta gane su, ta far musu. Kamfanin Genmab na ƙasar Denmak ne ya fara samar da shi, kamfanin Janssen ke sayar da shi da sunan Darzalex, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Nuwamba na 2015.

Ana auna shi da nauyin mutum, miligiram 16 ga kowane kilo, wato mai kilo 60 zai karɓi miligiram 960. A umarnin kamfanin, ranar farko ana tsarma shi cikin ruwan gishiri lita ɗaya, a fara da mililita 50 a awa, ana ƙara 50 bayan kowace awa idan babu matsala, ba a wuce 200, shi ya sa ake shafe kimanin awa bakwai, ko fiye idan an dakata a hanya kamar yadda ya faru da Baba. Daga baya ana rage ruwan zuwa rabin lita, daga karo na uku kuma a fara da mililita 100 a awa, a gama cikin awa uku da 'yan mintuna. A tsarin da aka fi bi, ana yin haka kowane mako har mako takwas, sannan kowane mako biyu har mako na 24, sannan sau ɗaya a kowane mako huɗu muddin maganin yana aiki. Ki lissafa da kanki yawan sa'o'in da dattijo mai raunin ƙashin baya zai yi a kwance da allura a hannu.

Abin da kika gani ranar farko, toshewar hanci da tari da rawar jiki, shi ne ainihin abin da ake jin tsoro, kuma ba baƙon abu ba ne. Alamar CD38 ba a jikin ƙwayoyin sankara kaɗai take ba, akwai ta a hanyoyin numfashi, shi ya sa boren da jiki ke yi wa wannan magani yakan fito ta hanci da maƙogwaro da ƙirji. A ranar farko maganin yakan tarar da abin da yake nema jibge a ko'ina, sai faɗan ya kaure lokaci guda, jiki ya saki sinadaran da ke kawo zazzaɓi da kumburi. A alƙaluman da kamfanin ya tattara daga marasa lafiya fiye da 2,000, kimanin mutum 37 cikin 100 sun sami irin wannan bore a makon farko, yawanci bayan kamar awa ɗaya da rabi da farawa, amma a mako na biyu mutum 2 ne kacal cikin 100. Dalili shi ne bayan karo na farko alamar tana raguwa sosai a jikin ƙwayoyin, kuma maganin da aka bayar a baya yana nan cikin jini bai fita ba, saboda haka sabon da aka ƙara ba ya tarar da filin daga irin na farko. Wannan faɗuwa daga 37 zuwa 2 ita ce ta sa likitoci suka fara tambayar kansu ko akwai amfanin ci gaba da tsare mutane awa uku da rabi a karo na biyar da na goma da na ashirin.

Sun kuma riga sun ga misali. Akwai wani magani ɗan'uwan wannan mai suna rituximab da ake bayarwa a sankarar kaluluwa, shi ma borensa a karon farko yake, kuma a 2012 hukumar Amurka ta amince a riƙa ba da shi cikin minti 90 daga zagaye na biyu ga waɗanda suka wuce na farko lafiya. Masu bincike a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka suka ɗauki wannan tsari suka gwada shi a kan daratumumab, suka wallafa sakamakon a 2018. Marasa lafiya 28 ne, kowannensu ya riga ya karɓi maganin aƙalla sau biyu a tsarin da aka saba. Aka ba su kashi 20 cikin 100 na ruwan a minti 30 na farko, sauran kashi 80 a cikin awa ɗaya. Babu wanda ya sami mummunan bore, mutum ɗaya ne jininsa ya ɗan hau, aka shawo kansa. Bayan haka asibitoci a Amurka da Turai suka bi sahu suka ba da rahoton abin da ya yi kama da wannan, kuma annobar korona ta 2020 ta ƙara tura su, domin kowa yana so mai raunin garkuwa ya rage zama a asibiti. Ki lura da hikimar minti 30 ɗin farko: gudun ruwan a lokacin mililita 200 ne a awa, wato daidai da iyakar gudun da jikin Baba ya riga ya saba da shi, kuma sai an ga ya wuce wannan lafiya ake ninka shi.

Wata damuwa da ban ji kin ambata ba, amma na san tana zukatan dangin da suka sayar da kadara don sayen magani, ita ce ko gajeren lokaci yana nufin an rage maganin ko an rage masa ƙarfi. Ba a rage ko ɗigo ɗaya. Adadin da aka auna da nauyinsa shi ne dai zai shiga jikinsa, kuma wannan magani yana daɗewa cikin jini, sai ya yi kusan kwana 18 kafin rabinsa ya fita, saboda haka bambancin awa biyu wajen shigarsa ba ya canza aikin da zai yi cikin makonni. Idan zuciyarku ba ta kwanta ba, kuna da haƙƙin a nuna muku kwalaben da aka zuƙe, suna zuwa ne a ƙanana masu miligiram 100 da manya masu 400, kuma lissafinsu ba wuya.

Game da maganar gado, ba zan ce Baffa ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Gaskiya ne asibiti yana amfana, domin kujerar da mutum ɗaya zai tsare rabin yini za ta ɗauki mutum biyu, kuma a ƙasar da ɗakunan ba da maganin sankara ƙalilan ne, ana tururuwa gare su daga Marwa da Garwa da Ngaundare har da Cadi, wannan amfani ne ga wani uban da ke jira a waje. Amfanin asibiti da na mara lafiya sun haɗu a nan, kuma ban ga aibu a ciki ba. Inda aibu zai shigo shi ne a ɗauki saurin a bar abubuwan da suka sa ya zama lafiya a wuraren da aka gwada shi. Tsarin minti 90 daga asibitoci ya fito, ba daga kamfanin da ya ƙera maganin ba, binciken da aka yi a kansa ƙanana ne, kuma duk an yi su ne a ɗakunan da ke da na'urar da ke tura ruwa da lissafi, da ma'aikacin jinya da ba ya nisa, da iskar shaƙa, da allurar adirenalin a kusa. Saboda haka ki tambayi likitan, cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba, ko da na'ura za a tura ruwan ko da ƙirga ɗigo. Idan da ƙirga ɗigo ne ta hanyar murza ɗan mabuɗin roba, ra'ayina shi ne a tsaya a kan tsohon tsari, domin ba a iya tabbatar da mililita 200 ko 400 a awa da ido, kuma ɗan motsin hannu kan sa ruwan ya kwarara. Ki kuma tambaya wa zai zauna kusa a minti 30 na farko da lokacin da za a ƙara gudun, da kuma me aka tanada idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Akwai waɗanda bai kamata a yi musu sauri ba ko da komai ya cika. Na farko shi ne mai raunin zuciya, wanda ƙafafunsa ke kumbura ko numfashinsa ke sarƙewa idan ya kwanta, domin rabin lita na ruwan gishiri cikin awa ɗaya da rabi kaya ne ga zuciyar da ta gaji, haka nan wanda ƙodarsa ta yi rauni har fitsarinsa ya ragu, abin da miyeloma ta saba haddasawa. Na biyu shi ne mai asma ko tsohon ciwon huhu, irin na wanda ya daɗe yana shan taba, tunda boren maganin ta hanyar numfashi yake fitowa, kuma irin waɗannan akan haɗa musu da maganin shaƙa. Na uku, wanda ya fi shafarmu a nan, shi ne wanda maganin ya yanke masa na tsawon watanni saboda kuɗi sun ƙare ko saƙon bai iso ba. Irin wannan mutum jininsa ya wofinta daga maganin, alamar CD38 ta dawo, jikinsa ya koma kusa da yadda yake ranar farko, don haka asibitoci da yawa sukan mayar da shi tsarin a hankali kafin su sake gaggautawa. Idan hakan ta taɓa faruwa da ku, Allah Ya kiyaye, kada ku ce ai dā minti 90 ake yi masa, ku faɗi ranar da ya karɓa na ƙarshe ku bar likita ya yanke.

Magungunan da ake ba shi kafin a ɗaura ruwan su ne rabin kariyar, kuma rage lokaci ba ya nufin a bar su. Ana ba da su awa ɗaya zuwa uku kafin farawa: maganin hana kumburi mai suna dekizametazon ko makamancinsa, da farasitamol, da maganin borin jini, wasu asibitocin kuma suna ƙara ƙwayar montelukas saboda ƙirji. Wannan yana nufin ranar ba za ta zama awa ɗaya da rabi cif ba, ki ƙiyasta awa uku zuwa huɗu daga shiga zuwa fita. Dekizametazon yana hana barci a daren, yana tayar da sukari da hawan jini, wani lokacin ya sa shaƙuwa ko saurin fushi, saboda haka idan Baba yana da ciwon sukari a riƙa aunawa a kwana biyun da ke biye, kuma idan kika ga yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ki yi masa uzuri.

A ranar, ki zauna inda kike ganin fuskarsa. Dattawanmu suna da kawaici, sai ƙaiƙayin maƙogwaro ya dame su su yi shiru don kada su wahalar da ma'aikata, ko don kada a tsayar da ruwan a ɓata lokaci. Na sha ganin dattijo yana gyaran murya a kai a kai, yana murza hanci da gefen rawaninsa, ana tambayarsa yana cewa lafiya lau, alhali boren ne ya fara. Ki gaya masa tun a gida cewa toshewar hanci, ko ƙaiƙayin wuya, ko tari, ko nauyin ƙirji, ko jin sanyi, ko jiri, ko dishi-dishin gani, duk abin faɗa ne nan take. Abin da za a yi ba mai tsanani ba ne: a tsayar da ruwan, a ba shi magani, idan ya lafa a ci gaba da rabin gudun da ake kai. Wanda aka kama da wuri yakan wuce cikin mintuna. Bayan an cire ruwan kuma kada ku yi wuf ku fice, musamman a karon farko na sabon tsarin, domin boren yakan iya jinkirtawa zuwa 'yan sa'o'i bayan gamawa. Na san idan aka koma sau ɗaya a wata za ku so ku riƙa kama jirgin ƙasa na yamma zuwa Ngaundare a ranar, ku wuce Garwa da mota washegari, kuma wannan yana cikin alherin gajeren lokaci. Amma a karo biyu ko uku na farko ku kwana a Yawunde, domin dare guda cikin jirgi, nesa da kowane asibiti, ba wurin da za a so numfashi ya sarƙe ba ne.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya fi damuna a kan Baba fiye da gudun ruwan. Daratumumab yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a kwance cikin jiki, har ya kai ga hanta ta gaza. A Turai wannan ƙaramar magana ce, amma a Kamaru kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana ɗauke da ƙwayar cutar, a yankunan arewa abin ya fi haka, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ki duba takardunsa ki tabbatar an yi masa gwajin kafin a fara, ba wanda ke nuna cutar tana nan kaɗai ba, har da wanda ke nuna ya taɓa kamuwa a baya. Idan ba a yi ba a yi yanzu. Idan an samu, akwai ƙwayoyi irin su tenofobir da ke tsare hanta, kuma ana ci gaba da sa ido har aƙalla wata shida bayan an daina maganin.

Abu na biyu shi ne ƙarin jini. Alamar CD38 tana nan kaɗan a jikin jajayen ƙwayoyin jini, don haka maganin yana manne musu ya rikita gwajin da ake yi na dacewar jini, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya ga kamar duk ledar da ya gwada ba ta dace ba. Rukunin jininsa bai canza ba, gwajin ne ya ruɗe, kuma ruɗin yana iya kaiwa wata shida bayan karɓa na ƙarshe. Mai miyeloma kuwa yakan buƙaci jini. Ki yi tunanin an kai shi wani asibiti a Garwa da tsakar dare, inda ba a taɓa jin sunan maganin ba, ana ta neman jinin da zai dace ana rasawa. Ki roƙi likitansa ya rubuta masa 'yar takarda da Faransanci mai ɗauke da rukunin jininsa, da sunan maganin, da ranar da aka fara, da lambar wayar da za a kira, ya riƙa ajiye ta tare da katin shaidarsa. Sai kuma ƙurajen nan masu zafi kamar wuta da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara, waɗanda a asibiti ake kira zona: ana hana su da ƙwayar asikulobir, ana ci gaba da sha har wata uku bayan gama magani.

Tunda ku ne kuke sayo maganin, ki sani yana son sanyin firiji, daga digiri 2 zuwa 8, ba ya son ya daskare, ba ya son a girgiza shi. A zafin bazararmu da ke haura digiri 40, kwalba ɗaya da ta yini cikin jakar hannu a tasha tana iya tashi daga aiki ko da ba ta canza kama ba. Ku ɗauko shi cikin akwatin sanyi, a sa tsumma ko kwali tsakanin kwalbar da ƙanƙara, a miƙa shi ga ɗakin magani na asibitin da zarar ya iso.

Tambaya daga wani mai karatu a Kusseri

Likita, barka da aiki. An kai maiɗakina Tunis saboda wannan cuta ta ɓargo, kuma maimakon ƙarin ruwa sai aka yi mata allura a fatar ciki da ba ta wuce minti biyar ba, aka ce daratumumab ne. Wani abokina a Njamena ya ce na jijiya ya fi ƙarfi. Ko an ba mu na kasa ne?

Amsa

Malam, ka kwantar da hankalinka, maganin ɗaya ne. Wanda aka yi wa iyalinka sabon nau'i ne da aka amince da shi a Amurka da Turai a 2020, an haɗa shi da wani sinadari mai suna hayaluronidas da ke sassauta naman ƙarƙashin fata na ɗan lokaci don ya karɓi mililita 15 a wuri guda. Adadinsa ɗaya ne ga kowa, miligiram 1,800, kuma ana tura shi cikin minti uku zuwa biyar. An gwada shi kafaɗa da kafaɗa da na jijiya a wani babban bincike mai suna COLUMBA da ya ƙunshi marasa lafiya 522, aka tarar aikinsu a kan cutar daidai yake, boren jiki kuwa ya sauka daga mutum 34 cikin 100 a na jijiya zuwa 13 a na fata, domin maganin yana tsotsuwa cikin jini sannu a hankali na tsawon kwanaki. Saboda wannan jinkirin ne ma borensa, idan zai zo, yakan zo bayan 'yan sa'o'i, shi ya sa ake tsare mutum a asibiti na wani lokaci bayan allurar farko. Ja ko ɗan kumburi a wurin allurar ba abin tashin hankali ba ne. Duk abin da na faɗa wa 'yar'uwarmu ta Garwa game da hanta da ƙarin jini da zona ya shafe ku daidai wa daida. Abu ɗaya da za ka kiyaye idan kun dawo gida kuna sayen maganin da kanku: kwalbar fata dabam, ta jijiya dabam, ba a musanya su, don haka ka karanta abin da ke jikin kwalin tare da likita kafin ka biya.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Marwa

Likita, na ji ana maganar minti 90. Shin ya shafi duk magungunan garkuwa da ake ba masu miyeloma?

Amsa

A'a, 'yar'uwa, kowanne da tsarinsa, kuma kada a ɗauki na wani a ɗora wa wani. Isatuximab, wanda kamfanin Sanofi ke sayarwa da sunan Sarclisa kuma aka amince da shi a Amurka a watan Maris na 2020, shi ma CD38 yake nema, amma ana ba da miligiram 10 ga kowane kilo cikin ruwa mililita 250. Na farkonsa yakan wuce awa uku, daga na uku kuwa umarnin kamfanin da kansa ya ba da damar mililita 200 a awa, wato minti 75, ga wanda bai sami matsala a baya ba. Sabbin magunguna masu hannu biyu irin su teclistamab, waɗanda ke kama ƙwayar sankara da hannu ɗaya su jawo mata ƙwayar garkuwa da ɗayan, lamarinsu dabam ne gaba ɗaya: a ƙarƙashin fata ake yin teclistamab, ana farawa da ɗan kaɗan ana ƙarawa mataki mataki cikin kwanaki, kuma haɗarinsa zazzaɓi ne mai tsanani da faɗuwar ƙarfin jini da ruɗewar hankali da kan zo bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa akan kwantar da mara lafiya a lokacin matakan farko. Idan aka kawo miki mai daratumumab na jijiya, ki tabbatar robar ruwan tana da matacin nan mai ƙananan ƙofofi na maikuron 0.2, kada a haɗa shi da wani magani a layi ɗaya, kuma a gama shi cikin awa 15 daga lokacin da aka fitar da ledar da aka tsarma zuwa zafin ɗaki. Gudun ruwan kuma ya kasance a rubuce da sa hannun likitan da ke kula da cutar.